Sakandaren baƙaƙen fata a ƙauyukan kudancin ƙasar Amurka: wa ya gina, wa ya riƙe takarda

A shekarar 1897 hukumar ilimi ta gundumar Richmond a jihar Jojiya ta rufe makarantar Ware, sakandaren gwamnati ɗaya tilo da 'ya'yan baƙaƙen fata suke da ita a gundumar, alhali ta ci gaba da tallafa wa karatun sakandaren 'ya'yan fararen fata. Hujjarta ita ce kuɗi ba su isa ba, gara a koya wa yara kusan 300 karatun firamare da a riƙe ɗalibai 60 a sakandare. Iyaye suka kai ƙara, magana ta je har Kotun Ƙolin Amurka, a 1899 kotun ta ƙi tsoma baki. Shekara uku ke nan kacal bayan hukuncin Plessy na 1896, wanda ya halatta raba baƙi da fari muddin abin da aka ba kowane ɓangare daidai yake. Shari'ar Cumming, kamar yadda ake kiran wannan ta 1899, ta nuna wa kowace hukumar ilimi a kudu cewa rabawar ce wajibi, daidaitawar kuwa sai in ta ga dama.

Wannan a birnin Augusta ne ma. A karkara, inda mafi yawan baƙaƙen fatar kudu suke zaune a lokacin, ba a kai ga rufewa ba domin ba a buɗe ba tun farko.

Kafin a zo kan gini ya kamata a fahimci hanyar da kuɗi ke bi, don a nan zaluncin yake, kuma ba ya bukatar wata dokar da ta ce a cuci wani. Jiha tana raba kuɗin ilimi ga gundumomi bisa yawan yaran da suka isa shiga makaranta, baƙi da fari duka a ƙirga. Da kuɗin sun isa gunduma, hukumar ilimi ce ke yanke yadda za a kashe su. Waɗanda ke cikin hukumar fararen fata ne, kuma tun daga kundin tsarin mulkin Misisipi na 1890 jihohin kudu suka bi juna wajen hana baƙaƙe zaɓe ta hanyar harajin ƙuri'a da jarrabawar iya karatu. Wanda ba ya zaɓe ba ya iya cire kowa daga kujera. Sakamakon ya zama abin mamaki ga wanda bai san lissafin ba: gundumar da baƙaƙe suka fi yawa a cikinta ita ce ɗan farar fata ya fi samun kuɗi a kansa, saboda kason yaran baƙaƙe masu yawa ake karkatarwa zuwa makarantun fararen da ba su da yawa. Mai gonar auduga kuma ba shi da wata sha'awar ɗan manominsa mai shekara 15 ya zauna a aji. Akasarin iyalan nan noman kashi-mu-raba suke yi a gonar wani, hannun yaro cikin lissafin amfanin gona yake.

Shi ya sa binciken da aka yi a farkon shekarun 1930 ya tarar da gundumomi 230 a kudu, waɗanda baƙaƙe suka kai aƙalla kashi ɗaya cikin takwas na mutanensu, ba su da ko aji ɗaya na sakandare ga baƙaƙen fata. A daidai wannan lokacin sakandaren fararen fata ta riga ta zama ruwan dare har a ƙauyuka.

Abin da ya fara cike gurbin shi ne abin da aka kira makarantar horaswa ta gunduma. An kauce wa kiranta sakandare da gangan, don kada jami'an gunduma su ji kamar ana neman a haɗa kafaɗa da 'ya'yansu. Asusun Slater, wanda attajiri John F. Slater ya kafa da dala miliyan 1 a 1882, shi ya ɗauki nauyin tsarin a ƙarƙashin James Hardy Dillard. An fara da makarantu huɗu a 1911, cikinsu har da ta Tangipahoa a garin Kentwood na jihar Luwiziyana. Sharuɗɗan a fili suke. Asusun zai ba da dala 500 a shekara don albashin malamai. Gunduma za ta sa aƙalla dala 750 daga kuɗin gwamnati. Za a yi karatu na wata takwas a shekara. Za a kai aji takwas, da niyyar ƙara aƙalla shekara biyu a sama da zarar an samu hali. Sannan fili da gini su zama mallakar gwamnati, wato jiha ko gunduma ko yankin makaranta.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, kuma shi ya fi daɗewa yana aiki. Manufarsa mai kyau ce: in makaranta ta zama ta gwamnati, dole gwamnati ta riƙa biyan malamai, ba za ta ce ta coci ce ba ruwanta. Amma ma'anarsa a aikace ita ce manomin da ya ba da eka biyu daga ɗan filinsa, da cocin da ta tara kuɗin katako, da kafintan da ya yi aiki kyauta ranar Asabar, duk sun sa hannu sun miƙa takardar mallaka ga hukumar da ba su da ƙuri'a a cikinta.

Asusun Rosenwald ma haka ya gindaya. Julius Rosenwald, shugaban kamfanin Sears, ya haɗa kai da Booker T. Washington, shugaban makarantar baƙaƙen fata ta Tuskegee, suka fara da ƙananan makarantu shida a Alabama bayan yarjejeniyarsu ta 1912. Zuwa 1932 an yi gine-gine 5,357 a jihohi 15: makarantu 4,977, gidajen malamai 217, da ɗakunan koyon sana'a 163. An kashe kimanin dala miliyan 28.4. A duba yadda aka haɗa kuɗin: gwamnati dala miliyan 18.1, baƙaƙen fata da kansu miliyan 4.7, asusun miliyan 4.3, fararen fata masu ba da gudummawa miliyan 1.2. Wato talakawan da sunansu bai hau kan makarantun ba sun fi attajirin da sunansa ya hau zuba kuɗi. Kuma sun riga sun biya haraji cikin waccan miliyan 18.1. Masu tarihi suna kiran wannan biyan haraji sau biyu. Ana tara kuɗin ne a taron gangami a coci, da sayar da soyayyen kifi da kaji, da ware eka ɗaya ta auduga a ce amfaninta na makaranta ne.

Yawancin gine-ginen Rosenwald na firamare ne masu malami ɗaya zuwa uku, amma manyansu, masu malamai shida ko fiye, su suka zama gidan makarantun horaswa da yawa. Zanen ginin yana da hikima, domin an yi shi ne don wurin da babu lantarki. Daga 1920, lokacin da ofishin ya koma Nashville ƙarƙashin Samuel L. Smith, an tsara jerin manyan tagogi masu kallon gabas ko yamma, an jera bencuna yadda haske zai faɗo ta hagun ɗalibi don kada inuwar hannunsa ta rufe rubutu. An ƙayyade launin fenti, mai haske a bango da silin. Tsakanin wasu azuzuwa biyu akwai bangon katako mai naɗewa, a buɗe shi ya zama zauren taro. Fili kada ya gaza eka biyu, saboda lambu da filin wasa, kuma dole a haƙa masai biyu. In an kauce wa zane, mai duba aiki ba zai sa hannu ba, kuɗin asusun kuma ba za su fito ba.

Sai dai gini sau ɗaya ake yinsa. Abin da ke kashe sakandare a ƙauye shi ne abin da ake biya kowane wata, kuma shi ne yake hannun gunduma.

Na farko tsawon zangon karatu. Firamaren baƙaƙe a yankunan auduga takan yi wata huɗu ko biyar a shekara, a wasu wuraren a raba zangon biyu: a buɗe cikin zafin Yuli, a rufe lokacin tsinkar auduga a Satumba da Oktoba. Yaron da ya yi shekara bakwai a haka bai samu karatun da ɗan birni ya samu a shekara huɗu ko biyar ba, sai ya iso sakandare ya girme wa ajinsa, ga kuma gona tana kiransa. Don haka aji na farko yakan cika maƙil, ajin ƙarshe kuwa a ƙirga su da yatsu. Na biyu albashi. A jihohi da yawa a shekarun 1930 malamin baƙar fata bai wuce rabin abin da takwaransa fari yake karɓa ba, ko da takardunsu ɗaya. Sai a 1940, a shari'ar Alston a kan hukumar ilimi ta Norfolk, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wannan ya saɓa wa tsarin mulki, kuma ko bayan nan wasu gundumomin sun ɓullo da jarrabawar auna malamai don a ci gaba da bambancin da wani suna. Littattafai kuwa tsofaffin da makarantun farare suka gama da su ake saukewa, an cika gurbin sunaye a bango, wasu shafukan sun yage.

Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, nisa ne. Gunduma ɗaya, sakandare ɗaya. Yaron da gidansu yake mil 15 ko 20 daga garin gunduma yana da zaɓi uku: ya yi riƙo a gidan ɗan'uwa ko wani ɗan coci a gari, iyayensa suna biya da dankali da naman alade da itace, ko makarantar ta samu ɗakin kwana, kamar yadda aka yi a makarantar Virginia Randolph a gundumar Henrico, ko iyaye su haɗa kuɗi su sayi tsohuwar bas ko su sa benci a bayan a-kori-kura. Motar iyaye ba ta cika daɗewa ba. Tsohuwa ce tun saye, hanya ta laka ce, gunduma ba ta ba da mai ba ta biyan gyara, da ta lalace a tsakiyar zango yaran ƙauyuka uku sun zauna a gida. Basukan fararen fata na gwamnati kuwa suna wuce masu tafiya a ƙasa suna watsa musu ƙura. A jihar Bajiniya wasu gundumomin sun ga hanya mafi arha ita ce su haɗu su riƙe makaranta ɗaya: ta George Washington Carver da aka buɗe a 1948 ta ɗauki yaran Culpeper da Madison da Orange da Rappahannock. Ginin ya fi kyau, tafiyar ta ƙara tsawo.

Akwai kuma rigimar abin da za a koyar. Masu ba da tallafi daga arewa da jami'an jihohi sun so makarantar horaswa ta fitar da manomi nagari, da mace mai iya girki da ɗinki, da malamin firamaren ƙauye. Dokar Smith-Hughes ta 1917 ta kawo kuɗin tarayya don koyar da noma da sana'a, abin da ya sa malamin noma yakan fi kowa tabbacin albashi. (Wannan ra'ayi bai tsaya a Amurka ba. Thomas Jesse Jones, wanda ya yi babban binciken makarantun baƙaƙe da aka buga a 1917, shi ya jagoranci tawagar Phelps-Stokes da ta zagaya Afirka a 1920 zuwa 1921, har da Najeriya da Gana ta yau, yana tallata irin wannan ilimin ga Turawan mulkin mallaka.) Iyaye ba su ƙi sana'a ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce iyakar 'ya'yansu ke nan. Shugabannin makarantu suka koyi tafiya da fuska biyu: ranar da sufeton gunduma zai zo a nuna masa lambu da ɗakin kafinta da kwalaben 'ya'yan itace da 'yan mata suka adana, sauran ranaku a koyar da aljabara da Latin da adabi da tarihin baƙaƙen fata. Aji tara ake fara ƙarawa, bayan shekara biyu a roƙi aji goma, a haka har a kai matakin da jiha za ta amince da takardar makarantar. Amincewar tana da ƙa'idodi: yawan malamai masu digiri, adadin littattafai a laburare, kayan ɗakin gwaje-gwaje, yawan kwanakin karatu. In gunduma ta ƙi saye, ƙungiyar iyaye da malamai ce ke saye. Makarantar horaswa ta Caswell a Yanceyville, Karolina ta Arewa, ƙarƙashin N. L. Dillard, ta bi wannan hanya har ta samu amincewar ƙungiyar makarantun kudu a 1955.

Bai kamata a yi wa wannan zamani kwalliya ba, don yaran da ba su taɓa isa ƙofar sakandare ba sun ninka waɗanda suka isa. Amma waɗanda suka isa sun tarar da wani abu da ba ya cikin kasafin kuɗi. Tunda an toshe wa baƙar fata mai digiri yawancin ayyuka, koyarwa ta kwashe mafi ƙwazonsu. Malamai suna zaune cikin al'ummar, coci ɗaya suke zuwa da iyaye, in yaro ya daina zuwa sai a bi shi gida. Shugaban makaranta, wanda aka fi kira farfesa ko da ba shi da wannan matsayi, shi ne mai rubuta wa mutane takarda, mai nemo wa ɗalibi gurbi a kwaleji, mai shiga ofishin farar fata a madadin jama'a. Ƙungiyar sababbin manoma ta baƙaƙe, wadda aka kafa a Tuskegee a 1935, ta koya wa samarin ƙauye tsayawa gaban taro da gudanar da mitin. John Lewis, wanda daga baya ya yi shekaru a majalisar wakilan Amurka, a makarantar horaswa ta gundumar Pike a Alabama ya yi sakandare.

Daga irin waɗannan makarantu biyu daga cikin shari'o'i biyar da suka haɗu suka zama shari'ar Brown, wadda ta haramta wariya a makarantun gwamnati, suka fito, kuma duka biyun ba da neman haɗa makarantu suka fara ba. A gundumar Clarendon ta Karolina ta Kudu, bas ake nema. Gundumar tana da basuka kusan 30 na fararen fata, babu ko ɗaya na baƙaƙe, wasu yaran makarantar Scott's Branch a Summerton suna tafiyar mil tara. Fasto Joseph DeLaine ya shawo kan manomi Levi Pearson ya kai ƙara, aka kori ƙarar a 1948 bisa cewa ba a yankin makarantar yake biyan haraji ba, 'yan kasuwa kuma suka daina ba shi bashi. Sai aka sake shiri da sunan Harry Briggs, wanda aka kora daga aikinsa a gidan mai. A shekarar karatu ta 1949 zuwa 1950 gundumar ta kashe dala 179 a kan kowane ɗalibi fari, dala 43 a kan baƙi. An kori DeLaine daga koyarwa, an ƙone gidansa, daga baya ya tsere daga jihar.

A Farmville, gundumar Prince Edward ta Bajiniya, cunkoso ne. An gina sakandaren Robert Russa Moton a 1939 don ɗalibai 180, zuwa 1951 sun haura 450. Hukuma ta ƙara rumfuna uku na katako da aka lulluɓe da takarda mai kwalta, ruwa yana zuba, murhun kwal yana gasa na kusa yana barin na nesa cikin sanyi. Ranar 23 ga Afrilu 1951 Barbara Johns, mai shekara 16, ta tara ɗalibai suka fita yajin karatu na mako biyu. Lauyoyin ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, Oliver Hill da Spottswood Robinson, suka ce za su karɓi shari'ar ne kawai in iyaye sun yarda a ƙalubalanci wariyar kanta, ba a tsaya kan sabon gini ba. Iyaye suka yarda.

Da jihohin kudu suka hango inda kotu ta dosa, sai kuɗin da aka ce babu suka bayyana. A 1951 gwamna James Byrnes na Karolina ta Kudu ya sa harajin ciniki na kashi 3 cikin ɗari, aka ciyo bashin dala miliyan 75 don gina makarantu, kaso mai tsoka na baƙaƙe. Jojiya ta sa irin wannan haraji a shekarar, Misisipi ta biyo baya da nata shirin gina makarantu. Prince Edward ma ta gina sabuwar Moton a 1953. Yawancin sakandaren bulo masu hawa ɗaya da dogayen tagogi da tsofaffin ɗalibai suke tunawa a yau na wannan lokacin ne, an gina su ne don a ceci wariya. Ihu bayan hari ne, domin ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin Brown.

A karkara hukuncin bai canza komai ba na fiye da shekara goma. Prince Edward ta gwammace ta rufe makarantun gwamnati gaba ɗaya daga 1959 zuwa 1964, yaran baƙaƙe kimanin 1,700 suka rasa aji, farare suka koma makarantar kuɗi. Wasu gundumomin suka ɓullo da tsarin kowa ya zaɓi makarantar da yake so, sun san babu farar fatar da zai zaɓi ta baƙaƙe, baƙin da ya zaɓi ta farare kuma mai gonarsa zai ji labari. A New Kent ta Bajiniya, bayan shekara uku na wannan tsari ba ɗalibi fari ko ɗaya a makarantar Watkins ta baƙaƙe, kashi 85 cikin ɗari na baƙaƙe suna nan inda suke. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Green, wadda ta taso daga New Kent, a 1968, da na shari'ar Alexander a 1969, su suka kawo ƙarshen jan ƙafar, tare da barazanar janye kuɗin tarayya ƙarƙashin dokar 'yancin jama'a ta 1964.

A nan takardar mallaka ta yi aikinta. Hukumomin da suka yi shekara 15 suna ƙin haɗewa su aka ba wuƙa da nama su tsara yadda za a haɗe. Kusan ko'ina sakandaren baƙaƙe aka rufe, ko aka mayar da ita ƙaramar sakandare ko firamare, ko da gininta ya fi na farare sabunta. Aka sauya sunaye, aka zubar da kofunan wasanni da hotunan waɗanda suka sauke karatu. An kiyasta malamai da shugabannin makarantu baƙaƙe fiye da 38,000 sun rasa aiki tsakanin 1954 da 1965, tun ma kafin babbar guguwar. A Karolina ta Arewa shugabannin sakandare baƙaƙe sun haura 200 a 1963, zuwa 1970 ba su kai 10 ba. Wanda ya yi shekara 25 yana riƙe da makaranta sai a mayar da shi mataimaki mai kula da basuka da ladabtarwa. Caswell ta daina zama babbar sakandare a 1969, Carver ta Bajiniya a 1968.

Ba ko'ina aka sunkuyar da kai ba. A gundumar Hyde, can gaɓar tekun Karolina ta Arewa, hukuma ta tsara rufe makarantun baƙaƙe biyu, O. A. Peay da Davis, a kwashe kowa zuwa Mattamuskeet ta farare, gwamnatin tarayya kuma ta amince. Iyaye ba haɗewar suka ƙi ba, sun ƙi a ce su kaɗai za su yi asara. Suka janye 'ya'yansu shekarar karatu guda cur, 1968 zuwa 1969, suka buɗe azuzuwa a coci-coci, suka yi tattaki zuwa Raleigh, babban birnin jihar, aka kama da yawa. A Nuwamba 1969 aka kai batun bashin faɗaɗa Mattamuskeet gaban masu zaɓe, wanda sai da shi shirin rufewar zai yiwu. Wannan karon baƙaƙe suna da ƙuri'a, bayan dokar zaɓe ta 1965, wasu farare kuma ba sa son ƙarin haraji. Aka kayar da bashin, aka bar Peay da Davis a buɗe, yaran baƙi da fari suka shiga cikinsu tare.